Ƙanena na tsare, ruwan da suke sha ya hana ni barci: wa ake kai wa kuka?

Yayar_Wani:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah ku yi mani haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya mani a rai tun ranar Asabar. Ƙanena da muke ciki ɗaya wata bakwai kenan yana tsare a wani gidan gyaran hali cikin jihar nan, ba zan faɗi wanne ba, kuma dan girman Allah kada wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. Rigimar kuɗin Keke Napep ce tsakaninshi da ubangidanshi, ba a yanke mashi hukunci ba, kullum aka je kotu sai a ɗage zama. Ni ke zuwa ziyara saboda Hajiyarmu ciwon ƙafa ya zaunar da ita.

To ranar Asabar ɗin nan na je da kula, na yi mashi shinkafa da wake har da ɗan soyayyen kifi don na san yana so, na haɗa da fiya wata jaka ɗaya. Wallahi yaron nan ko kallon kular bai yi ba. A tsaye ya fasa leda uku ɗaya bayan ɗaya yana sha har yana sarƙewa, sannan ya zauna. Da ya miƙo hannu zai amshi sabulu sai na ga tsakanin yatsunshi duk ƙuraje, wasu sun fashe, wuyan hannun kau kamar an goga mashi toka. Na ce Auta mi ya same ka haka, ya ce Yaya ai wannan kowa na da shi a ɗakinmu, in za ki dawo ki bar kifin nan ki ƙaro ruwa. Wai injin bohol ɗinsu ya ƙone tun kafin azumi, yanzu sai an kawo a tanka an juye cikin wani tsohon tanki na ƙasa, ruwan na fitowa kamar ƙasari, sai sun zuba a gora ya kwana ya kwanta sannan su sha na sama. Ashe ma sati biyu da suka wuce ya yi kwana uku yana gudawa, ya ɓoye mani don kada Hajiya ta ji.

Shi ne nake tambaya, wa ake kai wa kukan irin wannan? Ina tsoron in buɗe baki a huce a kanshi, tunda ni zan koma gida in kwana, shi kau yana hannunsu. Wata ƙawata ta ce in yi bidiyo in sa a TikTok in kama sunan gidan, wai yanzu sai da haka ake jin talaka, maigidana ya ce kul. Akwai doka kan ruwan fursuna ko sai abin da aka ga dama aka ba su? Akwai masu bin irin wannan a nan kusa ko duk suna Legas da Abuja? Ni dai ba ni da ƙarfin shayar da ɗaki guda, don duk abin da na kai rabawa suke.

Ɗan_Ƙofar_Ƙaura:

Hajiya Allah Ya fito da shi in yana da gaskiya. Amma fa a gaya wa juna gaskiya, mu da muke waje ba mu saci akuyar kowa ba, ruwan muke da shi? Unguwarmu rabon da famfo ya yi ko tari har na manta, kullum sai na fita tun asuba taron 'yan ga-ruwa, in bazara ta yi ma da kuɗinka sai ka yi masu magiya. Ga Ajiwa ga Zobe ga dam ɗin Jibiya duk a jiha ɗaya amma jarka muke bi. Asibitoci na neman ruwa, makarantun allo na nema, mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Safana na nema, sai a tsallake duk waɗannan a fara da wanda ya yi laifi? Cikinsu fa har da masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gidan yari ba otal ba ne.

Lauyan_Talaka:

Malam na Ƙofar Ƙaura ƙishinka gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma kai in famfo ya ƙafe kana iya ɗaukar jarka ka tari mai kura ko ka leƙa maƙwabta, shi an rufe shi an tafi da makulli, to wanda ya riƙe makullin shi ya ɗauki nauyin ruwan. Kuma wannan "wanda ya yi laifi" da ka ce, kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, kotu ba ta ce sun yi komi ba, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Wanda ma aka yanke wa, shekaru alƙali ya ba shi, ni dai tun da na fara aiki ban taɓa ganin takardar hukuncin da aka rubuta a haɗa mashi da taifot ba.

Hajiya, akwai abin kamawa. Sashe na 34 ya hana a wulaƙanta ɗan Adam ko a azabtar da shi. Akwai dokar 2019 da Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maida sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, a sashe na 12 an ce in gida ya cika ya wuce ƙa'ida dole Kwanturolan jiha, wato shugaban hukumar a jihar, ya sanar da Babban Jojin jiha da Antoni Janar, in wata uku ya wuce ba a yi komi ba yana iya ƙin amsar sabbin mutane. Sai ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2015, ta 22 ta ce ruwan sha ya kasance fursuna na samu duk lokacin da ya buƙata, ba sai an buga ƙararrawa ba. Su waɗannan ba doka ba ce da za a ɗaure wani don ya karya, amma ma'auni ne da ake kafa hujja da shi. Har a Amurka sai da aka je kotu kan wannan, a 2016 wani alƙalin tarayya ya tilasta wa jihar Teksas ta ba fursunonin wani gida ruwa mai kyau saboda nasu na da gubar asenik fiye da ƙima.

Shawarata ki bar maganar TikTok tukuna. Kada ma ki yi ƙorafin da sunan ƙanenki. Ranar ziyara ai kuna da yawa a layi, ki nemi mutum biyar ko goma 'yan'uwan waɗanda ke ciki ku rubuta takarda ɗaya, ba zagi, ku faɗi tun yaushe injin ya lalace da abin da kuka gani da idonku, ku kai wa shugaban gidan, kwafi ga Kwanturola, kwafi ga ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa na jiha, su doka ta ba su ikon shiga su duba wuraren tsare mutane. Ku tabbata an buga maku hatimi a naku kwafin an sa kwanan wata, maganar baki iska ke tafiya da ita. Ƙungiyoyi akwai, PRAWA tun 1994 suke wannan aikin, akwai FIDA ta lauyoyi mata, akwai reshen NBA, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, amma sun fi saurin motsi in an zo masu da takarda a hannu.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi damuna: rigimar kuɗin Keke wata bakwai? Ina maganar beli ta tsaya? In ba ku da lauya ki je Legal Aid Council, hukumar da ke ba marar ƙarfi lauya, kyauta ne. Babban Joji ma kan zaga gidajen yari lokaci lokaci ya sallami masu ƙananan ƙararraki da suka daɗe, a yi ƙoƙari sunanshi ya shiga jerin.

Na_Taɓa_Shiga:

Anti na karanta rubutunki sai da na aje wayar na ɗan zauna. Na yi wata goma sha ɗaya a ciki kan faɗan fili, daga baya aka ce in tafi ba ni da laifi, ko sannu ba wanda ya ce mani. Mai cewa ba otal ba ne Allah Ya sa kada ka gani, ba baki na yi maka ba.

Abin da na waje ba su sani ba, wahalar ba da rana take ba, daga an rufe ɗaki da yamma har wayewar gari ne. Abin da ke cikin gorarka shi kenan, da shi za ka sha, da shi za ka yi tsarki, da shi za ka yi alwala in ta samu, in ba ta samu ba ka bugi bango ka yi taimama, ni da na taso gidan malamai ban taɓa zaton zan yi sati ina taimama a tsakiyar gari ba. Lokacin zafin nan na Afrilu da Mayu mutum sama da arba'in a ɗaki, kwano ya ɗau zafi tun rana, bangon kanshi kamar murhu, mutum zai tashi tsakar dare yana laluben gorar wani a duhu, faɗan da na gani mafi muni a ciki ba kan kuɗi ko abinci aka yi shi ba, kan rabin gorar ruwa ne. Akwai wani dattijo bafulatani a ɗakinmu ba mai zuwa wurinshi, ƙila ma danginshi ba su san inda yake ba, shi kullum gaudar tuwonshi yake ba wani yaro a ba shi kofi biyu. Gora kau dukiya ce, tsohuwar robar lemo da kike jefarwa a bola a can har suna ake rubutawa a jiki da ƙusa.

Kuma in faɗi gaskiya ba duka ma'aikatan ne mugaye ba, akwai wanda da kuɗinshi ya taɓa sayo mana kura biyu ranar Juma'a. Amma akwai son kai a tsakanin fursunonin ma, shugaban ɗaki da yaranshi su ke fara cika nasu, sabon shiga da marar gata su ke samun na ƙasan tanki mai laka. Don haka in kin kai fiya wata ki ce mashi ya ɓoye biyu ko uku na dare, kada kunya ta sa ya rabar duka tun rana. Ki kai mashi gora mai murfi mai kyau in za su bari ta shiga. Maganar a huce a kanshi kau ba tsoron banza kike ba, ki bi ta Barista.

Nas_Maman_Biyu:

'Yar'uwa daga yadda kika kwatanta, ƙurajen tsakanin yatsu da wuyan hannu masu ƙaiƙayi, ya yi kama da ƙazwa, ki tambaye shi ko ya fi tsananta da dare. Tana bin cunkoso da haɗa shimfiɗa, kuma in shi kaɗai aka yi wa magani banza ne, za ta dawo, sai an shafa wa 'yan ɗakin duka lokaci ɗaya an wanke kaya an shanya a rana, to ina ruwan wankin? Kin ga komi ya koma kan ruwa. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce mafi ƙaranci a gidan yari lita 10 zuwa 15 ga kowane mutum a yini, wato jarkar nan mai lita 25 ta mutum biyu ce kacal.

Gudawar ta fi ba ni tsoro. Ruwan da aka bari ya kwanta ko aka sa wa alam ido kawai yake burgewa, laka ce ta sauka, ƙwayoyin cutar na nan daram. Sai an tafasa ko an sa kilorin, irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, a jira minti talatin kafin a sha, in ruwan ya yi duhu sosai a fara tacewa da tsumma mai tsabta. Ki nemi izini ki ba ma'aikacin lafiyar gidan, kada ki cusa a cikin kula a kama ki. Ki haɗa da ORS, in babu to lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mun ga abin da amai da gudawa ta yi mana a 2021, a 2024 kuma gwamnatin Legas da kanta ta sanar an samu kwalara a gidan yarin Kirikiri. Mai cewa ba ruwanshi ya tuna ma'aikatan gidan nan a unguwanninmu suke kwana, 'ya'yansu da namu makaranta ɗaya, cuta ba ta san katanga ba.

Tsohon_Gandiroba:

'Yata Allah Ya yi maki albarka da kika tambaya kafin ki yi. Na yi shekara talatin da ɗoriya a wannan aikin, na zaga jihohi huɗu kafin in aje. Yawancin tsofaffin gidajen nan na Arewa tun zamanin En'e suke, lokacin da Yari ke riƙe da su a ƙarƙashin Sarki, sai a 1968 gwamnatin tarayya ta haɗe su a hannunta. An gina su don mutane kaɗan lokacin da garin bai kai rabin haka ba, rijiyar da masai ɗin duk an auna su da wancan adadin. Kun dai ji yadda ruwan sama ya kada katangar gidan Suleja a Afrilun 2024, ginin ya tsufa ne. To abin da ke ƙarƙashin ƙasa, bututu da tanki da sokawe, ya fi katangar ruɓewa, ba a dai ganinshi.

In injin ya ƙone shugaban gida ba shi da kuɗin a aljihun tebur, rubutawa zai yi sama ya jira, wani lokaci amsar ta zo bayan an canza mashi wurin aiki. Kuɗin abincin fursuna ma ₦750 ne a yini har aka yi ta surutu a majalisa ƙarshen 2023, sannan aka maida shi ₦1,125, ku auna da farashin kwanon masara. Ba ina wanke kowa ba ne, akwai masu cin amana, na gani da idona, amma da yawa cikinmu kunya ke kama mu in mai ziyara ya tambayi ruwan alwala.

Ki bi shawarar Barista amma ki ƙara da tawa: ku shiga da sallama, ku ce ranka ya daɗe mun ji injin ya samu matsala, mi ake buƙata, ta ina za mu taimaka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Takardarku ma taimakonshi za ta yi, don zai liƙa ta a bayan tashi ya ce ga shi jama'a sun fara magana. Kuma tun Maris 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma na da hurumi a harkar gidajen gyaran hali, saboda haka ɗan majalisarku na jiha ba zai ce maku wannan na Abuja ne ya juya baya ba, mafi yawan waɗanda ke ciki ai kotunan jiha suka turo su.

Mai_Bohol_Daura:

Mu Daurawa tun muna yara ake ba mu labarin rijiyar Kusugu, macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har yau ana ba da labarin ne saboda hana ruwa ba ƙaramin zalunci ba ne. Kuma na Ƙofar Ƙaura ka tuna hadisin matar da ta shiga wuta kan kyanwa, ta ɗaure ta ba ta ba ta ci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kyanwa fa.

Ni sana'ata kenan, bari in faɗi abin da na sani. Mutanenmu na son haƙa sabuwa saboda a sa allo da suna a ɗau hoto, alhali sau da yawa ramin lafiyarshi lau, samo ne, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin ramin, ya ƙone. Abin da ke ƙona shi kau biyu ne, ko wuta ta zo ba ƙarfi, ko bazara ruwan ya ja ƙasa a bar injin yana ta juyi a bushe ba mai kashewa. In aka sa sabo ba a sa na'urar da ke kashe shi da kanta ba, wata uku ya sake tafiya. Sola ta fi kwanciyar hankali a irin wurin nan don ba mai jiran dizal. Tankin ƙasan nan da ta ce shi ma abin dubawa ne, in ya tsage kuma yana kusa da sokawe to ko ruwan Zamzam aka juye ciki ya ɓaci, ƙa'ida a bar kamar mita 30 tsakanin masai da wurin ruwa. Masu kai abincin buɗa baki gidan yari da azumi, Allah Ya saka, amma da za a ware kuɗin shinkafar kwana uku a aje wa mai zuwa duba injin duk wata da ya fi. In an ba ku izini a rubuce ni zan zo in duba, kuɗin mota kawai za ku ba ni.

Ɗan_Ƙofar_Ƙaura:

To ni fa ban ce a bar kowa ya mutu ba. Har yanzu ina kan bakana cewa na waje ma a tuna da mu. Amma maganar dattijon nan mai ba da tuwonshi a ba shi kofi biyu ta tsaya mani. In an buɗe asusun samo ɗin a saka lambar a nan, zan sa abin da ya sawwaƙa.

Yayar_Wani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya na koma, a layi na samu mata huɗu da wani dattijo da ɗanshi ke ciki, duk labarinmu ɗaya, wata ma ta ce ita tun watan jiya take kai jarka a bayan mashin. Ɗan dattijon nan na biyu malamin makaranta ne shi ya rubuta mana takardar, mun sa hannu mu shida, ba sunan kowa na ciki. Mun bi ta Baba mun shiga da sallama, ba mu samu shugaban ba amma na ƙasa da shi ya amsa ya buga hatimi a namu, ya ce mu dawo Alhamis. Barista gobe in sha Allahu zan je ofishin da ka ce da takardun kotun, ashe ma an taɓa ba da belin, mai tsayawa ne aka ce sai mai takardar fili shi ya sa muka yi sanyi. Maman Biyu na tambaye shi, ya ce da dare kamar ya cire fatar, ki rubuto mani sunan maganin shafawar in nuna a kemis. Malam na Daura in sun yarda ranar Alhamis zan yi maka magana, daga tasha zan sa a ɗauko ka, ka taho da abin awon zurfin.